Idan Hanci Ɗaya Ya Toshe Ya Ƙi Buɗewa

A wannan fitowa shafin lafiya zai yi magana a kan wani wuri a jikin mutum wanda ido ba ya gani, yatsa kuma ba ya kaiwa, wato can saman kogon hanci, tsakanin idanu biyu. Muna roƙon ma'aikatan lafiya na ƙauyuka, da shugabannin zumuntar mata, da masu ziyarar marasa lafiya, su karanta a hankali su kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

A ce ga wani kafinta, ya haura shekara hamsin, tun yana saurayi yake aikin katako. Da shigowar hunturu hancinsa na hagu ya toshe. Ya ce mura ce, gama kowa a gidan yana fama da ita. Hunturu ya wuce, bazara ta zo, yara duk sun warke, shi kuwa hancin hagu yana nan a toshe. In ya fyace majina da safe sai ya ga ɗan jini a ciki. Ya je kemis aka ba shi maganin ɗigawa, ya ɗan ji sauƙi na kwana biyu, abin ya dawo. Matarsa ta lura ya daina cewa miya ta yi ƙanshi. Aka gwada turare, aka gwada sirace, aka sayi kafso har sau uku. Sai da idonsa na hagu ya soma zubar da hawaye yana ɗan turowa waje kafin aka ce a tafi babban asibiti, a lokacin kuwa shekara ta zagayo.

Mun ƙaga wannan misali ne, amma duk likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya san irinsa. Ba wanda ya yi sakaci da gangan a wannan gida. Abin da ya rasa musu shi ne sanin alama guda ɗaya, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Yadda aka gina cikin hanci

Hancin da muke gani a fuska ƙofa ce kawai. A bayanta akwai kogo mai zurfi wanda ya miƙe har maƙogwaro, wata katanga ta guringuntsi da ƙashi ta raba shi biyu, dama da hagu. Kewaye da kogon akwai wasu ƙananan ɗakuna masu iska a cikin ƙasusuwan fuska: a kunci, a goshi, tsakanin idanu, da kuma can ciki ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Kowane ɗaki yana da 'yar ƙofa da take buɗewa cikin hanci, ta nan majinarsa take fita.

Rufin kogon shi ya fi muhimmanci a maganarmu. Ƙashi ne siriri mai ƙananan huji kamar rariya. Ta cikin hujin nan ne jijiyoyin jin ƙanshi suke saukowa daga ƙwaƙwalwa. Wato tsakanin saman hanci da ƙwaƙwalwa ba wani abu sai wannan rariya da fatar da take lulluɓe ƙwaƙwalwar. A gefe kuma, tsakanin hanci da ramin ido, ƙashin bai fi takarda kauri ba, har ma sunan da likitoci suka ba shi yana nufin takarda ne. Saboda haka abin da ya tsiro a wannan wuri yana da fili da zai yi girma a ɓoye na watanni ba tare da zafi ba, in ya cika filin kuma maƙwabtansa na kusa su ne ido da ƙwaƙwalwa.

Gefe ɗaya ko gefe biyu

Mura, da toshewar hanci ta ƙura da hazo, da atishawar da wasu ke yi in ciyawa ta yi fure, duk suna kama hanci biyu ne, ko kuwa su riƙa sauyawa, yau dama gobe hagu. Mura takan tafi cikin mako ɗaya ko biyu. Haɓo ma a lokacin hunturu ba abin tsoro ba ne yawanci, gama daga ƙananan jijiyoyin gaban hanci yake fitowa sa'ad da iska ta busar da su. Mutum ya zauna, ya sunkuyar da kai gaba, ya matse wurin nan mai taushi na hanci minti 10 zuwa 15 ba tare da sakewa ba. Kada a ɗaga kai sama, jinin zai gangara maƙogwaro ne kawai.

Abin da ya kamata ya tsayar da mu shi ne wanda ya kafe a gefe ɗaya. Toshewa a hanci ɗaya wadda ta wuce mako uku ko huɗu tana ƙaruwa, majina mai jini ko mai wari daga wannan gefen kaɗai, haɓo da yake dawowa kullum ta ƙofa ɗaya, waɗannan ba na kemis ba ne. In aka haɗa da rashin jin ƙanshi, ko hawaye a ido ɗaya, ko ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko mutuwar fatar kunci, ko haƙoran sama da suka soma girgiɗi ba dalili, ko kaluluwa mai tauri a wuya wadda ba ta zafi, to, kada a jira girbi ko a jira a sayar da akuya. Babban mutum da kunnensa ɗaya ya toshe ya daina ji sosai shi ma a duba bayan hancinsa, domin a nan ne bututun da yake kai iska kunne yake buɗewa.

A wurin ƙananan yara labarin yakan bambanta. Yaro ɗan shekara uku mai majina mai wari daga hanci ɗaya, sau da yawa wani abu ya cusa: gyaɗa, wake, dutsen ado, ko guntun soso. Kada a sa tsinke ko ashana, ana tura shi ciki ne. In kuwa ƙaramin batirin nan ne mai kama da maɓalli, irin na agogo da na fitilar wasan yara, a tafi asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne, domin cikin 'yan awoyi yake ƙona nama har ya huda katangar hanci.

Wata magana a kan maganin ɗigawa mai buɗe hanci. Yana aiki da sauri, shi ya sa mutane suke sonsa. Amma in aka wuce mako guda ana amfani da shi, shi kansa yakan sa hanci ya ƙara kumbura, mutum ya kasa barci sai da shi. Banda haka yana ɓoye alamar da za ta kai mutum wurin likita da wuri.

Ba kowane tsiro ne ciwon daji ba

Gara mu faɗi wannan tun yanzu domin hankali ya kwanta: yawancin tsiron da ake samu a cikin hanci ba daji ba ne. Wanda ya fi yawa shi ne wani nama mai taushi, fari-fari, kamar 'ya'yan inabi da aka ɓare, likitoci suna ce da shi folif. Yakan fito a hanci biyu, musamman ga masu ciwon fuka da waɗanda asfirin ba ya karɓarsu. Ba ya zubar da jini kuma ba ya zafi, sai dai ya toshe hanci ya ɗauke jin ƙanshi. Ana fara maganinsa da feshin hanci mai sitiroyid da wanke hanci da ruwan gishiri, in bai ja baya ba a yi tiyata. Yana iya dawowa, don haka ba a barin feshin bayan tiyata sai likita ya ce.

Akwai wani mai kama da shi, amma shi a gefe ɗaya yake, ana kiransa fafiloma mai juyawa ciki. Ba daji ba ne, amma yana da hali biyu marasa kyau. In ba a cire shi daga tushe ba, har da kankare ƙashin da ya manne a kai, zai dawo. Sa'an nan kusan ɗaya cikin goma akan sami daji a ɓoye cikinsa ko kuwa ya rikiɗe daga baya. Wannan ne ya sa duk naman da aka ciro daga hanci ɗaya dole a kai shi gwaji, ko da ya yi kama da folif.

Na uku muna so iyayen samari su riƙe shi. Yaro namiji daga wajen shekara goma zuwa ashirin, hanci ɗaya a toshe, haɓo mai yawa da yake cika kwano, yana dawowa har yaron ya yi fari fat, wannan yana iya zama anjiyofibroma, wato ƙari wanda kusan dukansa jijiyoyin jini ne. Samari kawai yake kamawa. Shi ma ba daji ba ne, amma in aka taɓa shi da aska ko almakashi a wurin da ba jinin ƙari, yaron zai iya mutuwa a wurin. Ko likitan da ya sani ba ya yankarsa don gwaji, da hoto ake gane shi. A asibitocin da suke da kayan aikin akan toshe jijiyoyin da suke ciyar da shi kwana ɗaya ko biyu kafin tiyata, domin jinin da zai zuba ya ragu.

Haka kuma jariri ko ƙaramin yaro da aka ga nama a saman hancinsa tun haihuwa. Wani lokaci wannan ba tsiro ba ne, wani sashe ne na ƙwaƙwalwa ko fatarta da ya sauko ta gurbin da ƙashin rufi bai haɗe ba. Muna girmama wanzamai, da yawa cikinsu maƙwabtanmu ne kuma dattawa ne, amma nama a cikin hanci ba aikin aska ba ne. Wanda kuma ya faɗi daga babur ya bugi kai, bayan haka ruwa garau kamar hawaye yana ɗiga daga hanci ɗaya in ya sunkuya, yana jin ɗanɗanon gishiri a maƙogwaro, wannan ruwan ƙwaƙwalwa ne yake yoyo ta rariyar da ta tsage. Ƙofar da ruwa ya fita ta nan ƙwayoyin cuta za su shiga, ƙarshensa sanƙarau.

Fumfuna da kuturta

Irin fumfunar da muke gani a kan burodi da tsohon tuwo tana da dangi da suke iya zama cikin hanci. A ƙasar Sudan, tun shekarun 1960 likitocin Khartum suka ba da labarin wata wadda take yin ƙulli mai tauri a ɗakunan hanci, a hankali tana turo ido waje, har a ɗauka daji ne. Wata kuma mai sauri ce, tana kama masu ciwon suga da ba a daidaita ba da waɗanda suka sha sitiroyid da yawa. Nama yakan yi baƙi a cikin hanci ko a dasashin sama, fuska ta kumbura, ido ya rufe cikin kwanaki. A shekara ta 2021, lokacin annobar korona, mutane sama da 40,000 suka kamu da ita a Indiya. Maganinta tiyata ce ta gaggawa tare da allurar amfoterisin. Mai ciwon suga da ya ce fuskarsa tana ciwo a gefe ɗaya, kada a bar shi ya kwana gida.

Kuturta ma takan fara nuna kanta a hanci, da toshewa da ɓawon jini, kafin hanci ya lotsa. Tsofaffinmu da suka yi aiki a asibitocin kutare na mishan sun san wannan sarai. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da maganinta kyauta, kuma ana warkewa.

Ciwon daji, da maganar kafintoci

Ciwon daji na kogon hanci ba shi da yawa, wajen mutum 1 cikin 100,000 ne a shekara. Ƙarancinsa ne ma yake sa ma'aikacin lafiya ya yi shekaru bai ga ko ɗaya ba, ranar da ya zo kuma ya ɗauka mura ce. Iri-iri ne. Wanda ya fi yawa daga fatar da ta shimfiɗe cikin kogon yake tashi, taba sigari kuwa tana ƙara haɗarinsa. Akwai wanda yake tashi daga jijiyoyin jin ƙanshi da kansu, can a rufi, mai dogon suna, estesiyonurobilastoma. Likitocin Faransa, Berger da Luc, su suka fara bayyana shi a 1924. Bai kai mutum ɗaya cikin miliyan ba a shekara, yana kama matasa da manya, alamarsa kuma ita ce dai wadda muka faɗa: toshewa a gefe ɗaya, haɓo, da ɗaukewar ƙanshi. A 1976 wani likita mai suna Kadish ya kasa shi mataki uku, wanda bai fita daga kogon hanci ba, wanda ya shiga ɗakunan gefe, da wanda ya wuce zuwa ido ko ƙwaƙwalwa. Har yau ana amfani da wannan kashi, kuma bambancin mataki na farko da na uku sau da yawa watannin da aka yi a gida ne.

Can bayan hanci, inda ya haɗu da maƙogwaro, akwai wani daji dabam wanda ya fi yawa a kudancin Sin da arewacin Afirka, ana kuma samunsa a ƙasarmu. Sau da yawa kaluluwar wuya ce take fara fallasa shi. Yana da dangantaka da wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr, wadda aka gano a 1964. Ita ce kuma take da hannu, tare da zazzaɓin cizon sauro, a ƙarin nan mai saurin girma da yake kumbura muƙamuƙi da fuskar yara, wanda Denis Burkitt ya bayyana a 1958 sa'ad da yake aikin tiyata a Kampala ta ƙasar Yuganda. Burkitt mai bi ne da bai ɓoye bangaskiyarsa ba. Wannan ƙari na yara yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma yana cikin waɗanda suka fi jin magani in an kawo yaro da wuri.

Yanzu ga maganar da ta shafi yawancin ikilisiyoyinmu, gama da wuya a sami majami'ar da ba kafinta a ciki, kuma makarantun koyon sana'a da hukumomin taimako suke buɗewa kusan duka suna koyar da aikin katako. A garin High Wycombe na Ingila, inda aka shahara da yin kujeru, likitocin hanci suka lura a shekarun 1960 cewa wani daji na saman hanci, wanda da ƙyar ake ganinsa a sauran mutane, yana ta fitowa a cikin masu aikin kujeru. Ronald Macbeth ya rubuta a kai a 1965, binciken da Acheson da abokan aikinsa suka buga a 1968 ya tabbatar da shi. A 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da take birnin Liyon na Faransa ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo daji ga ɗan adam. Ƙurar fata, irin wadda masu yin takalma suke shaƙa, ita ma tana cikin wannan jeri, saboda haka dukawa su ma su ji.

Ƙurar katako mai tauri ta fi haɗari, kuma wadda ta fi laushi, irin ta goge katako da sanfefa ko da inji, ita take hawa har saman hanci ta zauna. Cutar ba ta fitowa da wuri, takan ɗauki shekara talatin ko arba'in. Wato yaron da muka sa a koyon sana'a yau yana da shekara goma sha biyar, abin da ya shaƙa zai iya biyo shi yana da jikoki. Ba muna cewa a bar kafinta ba ne, sana'a ce mai albarka, yawancin kafintoci kuma ba za su taɓa kamuwa ba. Amma a ra'ayinmu duk shirin koyon sana'a da ya sayi zarto da injin goge katako bai sayi takunkumin ƙura ba, bai gama sayayya ba. Ƙyalle da aka ɗaura a fuska ba ya tare ƙura mai laushi sosai, a nemi takunkumin da aka yi domin ƙura, wanda yake manne wa fuska. A yi aikin guga a waje ko inda iska take ratsawa, a yayyafa ruwa kafin shara, kada kuma almajiran sana'a su riƙa kwana a cikin shago.

Abin da za a tarar a asibiti

Wanda ake nema shi ne likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Ana samunsu a asibitocin koyarwa na Jos, da Shika kusa da Zariya, da Kano, da Sakkwato, da Maiduguri, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, da kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda duk da sunanta tana duba hanci da maƙogwaro. Ma'aikacin lafiya na ƙauye ya rubuta takardar turawa, ya faɗi gefen da yake ciwo, da watan da abin ya fara, da sana'ar mutumin, da magungunan da ya riga ya sha.

Fitilar hannu gaban hanci kawai take nunawa. Domin ganin sama, likita zai fesa maganin kashe zafi, sa'an nan ya zura wani siririn madubi mai fitila, kaurinsa bai kai na fensir ba, ana kiransa endoskof. Minti kaɗan ne, mutum yana zaune a kujera, ba a sa shi barci. Bayan haka sai hoto. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna wannan wuri da kyau, sau da yawa asarar kuɗi ne. Hoton siti sikan shi yake nuna ƙashi, ko ƙarin ya cinye rariyar rufi ko takardar gefen ido. Hoton em-ar-ai kuma nama yake nunawa, yana rarrabe ƙari da majinar da ta taru a bayansa, yana kuma nuna ko an taɓa fatar ƙwaƙwalwa. In likita ya nemi duka biyun, ba son cin kuɗi ba ne, kowanne da aikinsa.

Sai an ga hoto ake yankar ɗan nama a kai ɗakin gwaji, domin a tabbata ba ƙarin jini ba ne, ba kuma ƙwaƙwalwa ba ce. A nan iyalai da yawa suke ja da baya, saboda maganar da ake yi cewa in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu. Mun san inda maganar ta samo asali: mutane suna zuwa a makare, a yi gwaji, bayan 'yan watanni mutum ya rasu, sai a ɗora wa gwajin. Amma cutar ta riga ta yi nisa kafin a taɓa ta. Ba tare da gwajin nama ba likita ba zai san ko fumfuna ce, ko fafiloma, ko daji ba, in daji ne kuma wane iri, alhali maganin kowanne dabam ne. Sakamako yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. A karɓi lambar gwajin a rubuta, a sa mutum ɗaya ya riƙa bibiya, a kuma ajiye kwafin kowace takarda da kowane hoto a jaka ɗaya.

Magani

Ga yawancin ƙarin saman hanci, tiyata ce kan gaba. A 1963 wani likitan Amurka mai suna Ketcham da abokan aikinsa suka nuna yadda za a cire ƙarin tare da rufin hancin gaba ɗaya, ana shiga ta fuska da ta ƙoƙon kai, likitan hanci da likitan ƙwaƙwalwa suna aiki tare. Wannan ya ceci mutanen da a da ake sallama su koma gida. Daga baya aikin da Messerklinger ya fara a birnin Graz na Ostiriya, na duba cikin hanci da endoskof, ya bunƙasa har ya zama ana cire ƙari da yawa ta ƙofar hanci ba tare da tsaga fuska ba. A 2006 aka bayyana wata dabara da likitocin Ajantina suka ƙirƙiro, ta ɗauko fatar katangar hanci da jijiyar jininta a liƙe ramin da aka bari a rufi, abin da ya rage yoyon ruwan ƙwaƙwalwa ƙwarai. Wace hanya za a bi ya dogara ga girman ƙarin da kayan aikin da suke asibitin. Tabon fuska ba abin kunya ba ne in shi ne zai sa a cire cutar duka. Wani lokaci, in daji ya shiga ramin ido sosai, likita zai ce sai an cire idon. Magana ce mai nauyi, a ba mutum lokaci ya yi tambaya, ya yi addu'a da iyalinsa, amma kada lokacin ya zama watanni.

Bayan tiyata sau da yawa akan bi da gashi, wato haska wurin da wani haske mai ƙarfi daga inji domin a kashe abin da ya rage. Ana yinsa kwana biyar a mako, har mako shida ko bakwai. Ba wuta ba ce, mutum ba ya jin komai a lokacin da ake yi, amma daga mako na uku baki yakan bushe ya yi gyambo, fata ta yi duhu, abinci ya daina daɗi. A ga likitan haƙori kafin a fara. A tanadi kunu mai gyaɗa, da madara, da ƙwai, da miya mai ruwa marar yaji. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada a katse, gama kwanakin da aka tsallake suna ba cutar dama ta farfaɗo. Injin gashi ba a kowane asibiti yake ba, saboda haka a tambayi likita inda ake yi a wannan lokaci kafin a hau mota. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma sun sami nasu a Yamai tun 2021. Dajin bayan hanci shi ba a cika yi masa tiyata ba, gashi ne maganinsa tare da maganin daji da ake sawa ta jijiya, irin su sisfilatin. Ƙarin Burkitt na yara kuwa maganin jijiya kaɗai ake ba shi.

In aka lissafa, mai jinya zai yi wata biyu ko fiye a garin da ba nasa ba. A nan ne aikin ikilisiya yake. Kwamitin taimako ya rubuta wa ikilisiyar da take garin asibitin a nemi masauki. Matasa masu lafiya su je su ba da jini kafin ranar tiyata, kada a bar iyali suna neman na saye da dare. A raba kwanakin jinya tsakanin mutum biyu ko uku domin gonar gidan kada ta mutu. Baiko na musamman ya fi amfani in an yi shi tun ranar da aka ce a yi hoto, domin a wannan mataki ne yawancin mutane suke komawa gida saboda rashin kuɗi. Wannan hidima kuma ba ta 'yan ikilisiya kaɗai ba ce, maƙwabcinmu Musulmi da ya zo da hanci ɗaya a toshe shi ma a rubuta masa takarda a raka shi. Muna addu'a domin marasa lafiya, muna kuma gaskata Allah yana warkarwa, amma fasto ko mai bishara da ya ce wa mutum ya bar zuwa gashi domin an riga an yi masa addu'a, ya ɗauki alhakin da ba zai iya sauke shi ba. In kuma cutar ta riga ta fi ƙarfin tiyata, har yanzu akwai abin yi: maganin zafi mai ƙarfi kamar mofin, wanke ciwo domin rage wari, da zama kusa da mutum.

Wanda aka sallama zai riƙa wanke hanci da ruwan gishiri kullum, da ruwan da aka tafasa ya huce, domin ɓawo yakan taru na watanni. Kada ya fyace hanci da ƙarfi ko ya ɗaga kaya mai nauyi sai likita ya yarda. Da yawa cikin waɗanda aka cire musu rufin hanci ba za su ƙara jin ƙanshi ko wari ba, saboda haka mutanen gida su riƙa duba masa abincin da ya kwana, su kuma lura da tukunyar gas da hayaƙi, gama shi ba zai ji ba. Ranakun komawa asibiti a rubuta su a bangon Littafi ko a kalandar ɗaki. A shekarun farko kowane wata uku ko huɗu ne, daga baya a rage, amma ba a dainawa, domin ƙarin jijiyar ƙanshi yana iya dawowa a hanci ko a wuya ko bayan shekara goma.